Yadda za ka san lokacin fitar da samfurinka na farko ya yi

Tambayar da matasa masu kafa sabon kamfani suka fi yi mini a nan Yamai ita ce: "Yaya, yaushe zan fito da abin?" Yawancinsu sun riga sun ci wata shida ko shekara suna gini a ɗaki, kwamfuta a cinya, babu mai saye ko ɗaya da ya taɓa sa hannu a kan abin. Akwai kuma ƴan kaɗan masu garaje, jiya suka gama, yau suna son buga ganga a Facebook. Hanyoyin nan biyu duk na bi su, kowace kuma ta ci mini kuɗi da watanni. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne tsarin da nake bi yanzu, a kan kayana da na waɗanda nake taimaka wa.

Mu fara da fahimtar abin da ake kira samfurin farko. Ka tuna mai kilishi idan ya yago maka ɗan yanki ya ce ka ɗanɗana. Yankin ƙarami ne, amma gasasshe ne, da yajinsa da ƙulinsa. Bai miƙo maka ɗanyen nama ya ce ka yi haƙuri gobe zai gasa ba. Samfurin farko ke nan: kaɗan ne, amma abin da ke cikinsa ya nuna. Lokacin fitar da shi ya yi idan abu uku sun haɗu. Yana yin aiki guda daga farko har ƙarshe. Ba zai yi wa kuɗi, lafiya ko sirrin mai amfani da shi illa ba. Sannan tambayoyin da suka rage maka babu mai amsa su sai mai saye.

Zan riƙa kawo misali da wata ƴar manhaja da muka taɓa yi wa teloli, mai ajiye awo da kafin alƙalami da ranar karɓar ɗinki. Amma matakan suna aiki ko sabulu kake haɗawa, ko abinci kake kai wa ma'aikata a Plateau.

Kayan da za ka tanada

Kaye da bik. Kada ka raina su, a cikinsu za ka rubuta duk abin da ka gani da idonka.

Salula irin ta masu sayenka. Ka nemi tsohuwar Itel ko Tecno wadda hotuna da bidiyo suka cika ta, gilashinta ya ɗan tsage. Idan a kan babbar wayarka kaɗai kake gwaji, yaudarar kanka kake yi. In ba ka da kuɗin saye, ari ta ƙaninka ko ta mai butik ɗin unguwa na awa ɗaya.

Layi biyu na kamfanoni daban-daban, daga cikin Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecom, domin ƙarfin rezo yana bambanta daga unguwa zuwa unguwa.

Lamba ta musamman ta aiki, da WhatsApp a kanta. Kada ka haɗa ta da lambar da dangi ke kiranka.

Hanyar karɓar kuɗi: hannu da hannu, ko Airtel Money, ko Moov Money, ko Nita, ko Amana. Wadda masu sayenka suka riga suka saba da ita, ita za ka bi.

Sunaye da lambobin mutum 20 zuwa 30 masu fama da matsalar da kake son warwarewa, waɗanda za ka iya hawa moto ka same su a wurin aikinsu.

Batirin ajiya ko ƙaramin faifan sola saboda ɗaukewar kuran, da ƴan kuɗi a gefe na man moto, na mega, da na mayar wa duk wanda abin bai yi masa ba.

Mataki na 1: Rubuta aikin a layi ɗaya

Buɗe kaye ka rubuta wane ne mai sayen, mene ne ke ci masa tuwo a ƙwarya, me samfurinka zai yi masa. Namu ya kasance haka: "Tela mai yara biyu ko uku a shago yana manta ranar da ya yi alkawari, manhajar za ta nuna masa kowace safiya ɗinkin da ya kamata ya gama." Shi ke nan. Idan layinka ya cika da "kuma" da "har ila yau", ba ka san abin da kake sayarwa ba tukuna, maganar lokacin fitarwa ma ba ta taso ba. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne rubuta "ƴan Nijar" ko "ƴan kasuwa" a gurbin mai saye. Dillalin shadda a Babbar Kasuwa da mai sayar da katako a Katako duk ƴan kasuwa ne, amma damuwarsu ba ɗaya ba ce. Zaɓi ɗaya.

Mataki na 2: Yi aikin da hannunka kafin na'ura ta yi

A 1999 wani Ba'amurke, Nick Swinmurn, ya so ya san ko mutane za su yarda su sayi takalmi ta intanet. Bai gina sito ba, bai sari kaya ba. Shagunan takalma ya riƙa shiga yana ɗaukar hoto yana sawa a shafinsa, duk wanda ya yi oda sai ya koma shagon ya saya ya aika masa. Kamfanin Zappos ke nan, wanda Amazon ta saya a 2009.

Mu ma kafin a rubuta layi ɗaya na manhaja, teloli huɗu muka roƙa su riƙa turo mana saƙon murya duk lokacin da aka kawo ɗinki. Mu rubuta a kaye, da safe mu tura wa kowa jerin aikinsa na ranar. Sati biyu muka yi a haka. A nan muka gane abin da da ba za mu taɓa ganewa a ɗaki ba: ranar karɓa ba ita ta fi damunsu ba, rigimar kuɗi ce. Mai kaya ta ce ta ba da jika biyar, tela ya ce uku ya gani, babu shaida. Da mun yi wata shida muna gini, da ƙofar da ba ita ba muka gina.

Idan abin da kake yi na hannu ne, kamar sabulu ko garin kunu, daidai wannan mataki shi ne ka haɗa kaɗan a gida, guda ashirin ko talatin, kafin ka yi maganar inji ko buga leda mai suna.

Mataki na 3: Kasa abin da ya rage kashi uku

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, don haka zan daɗe a kansa. Rubuta duk abin da kake jin bai kammala ba, komai ƙanƙantarsa, sannan ka kasa su.

Kashi na farko, abin da in babu shi aikin layinka ɗaya ba zai yiwu ba, ko zai cutar da mutum. Kashi na biyu, abin da za ka iya yi da hannu a bayan fage ba tare da mai saye ya damu ba. Kashi na uku, ado: kalar tambari, shafin "game da mu", fassara cikin harsuna huɗu, sigar iPhone.

Na farko kaɗai ke da ikon hana ka fita. Na biyu ka ɗauke shi a wuyanka: idan mutum ya biya ta Nita, kai da kanka ka duba ka buɗe masa, ba sai ka jira an haɗa manhajarka da tsarin biyan kuɗi ba. Mutum ashirin ba su fi ƙarfin hannu ba. Na uku kuwa ka ja masa layi, ka rufe shafin.

Reid Hoffman, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa LinkedIn, an san shi da cewa duk wanda sigar farko ta kayansa ba ta ba shi kunya ba, to ya makara wajen fitarwa. Na yarda da shi a kan ado. A kan amana ban yarda ba, kuma ina roƙon ka kada ka yarda. Yamai gari ne da kowa ya san kowa. In manhajarka ba ta da kyan gani, za a yi maka uzuri. In ta ɓatar da awon amarya ana saura kwana uku biki, ko ta nuna jika goma a inda aka biya sha biyar, labarin zai zaga fada-fada kafin shayi na uku ya sauka, kuma sunanka za a kira, ba sunan kamfanin ba. Na taɓa fitar da wani abu da bai da ajiyar bayanai a wani wuri na daban. Wayar mutum ɗaya ta faɗa ruwa, lissafinsa na wata guda ya tafi. Na je na ba shi haƙuri, ya karɓa, amma shi da maƙwabtan shagonsa ba su sake waiwayarmu ba. Tun daga ranar, ajiyar bayanai tana kashi na farko a wurina.

Akwai kuma sana'o'in da doka ta tsaya a bakin ƙofarsu. Riƙe kuɗin jama'a ta waya sai da izinin babban bankin BCEAO, ko ka bi ta hannun wanda yake da izinin. Tattara sunaye da lambobi da hotunan mutane yana ƙarƙashin hukumar kare bayanan sirri ta HAPDP. Abin ci, abin sha da magani kuwa, babu wani "za mu gyara daga baya" a cikinsu. In a nan sana'arka take, ƙara haƙuri, tambayi masana kafin ka fita.

Mataki na 4: Miƙa wa baƙo, ka yi shiru

Nemi mutum biyar daga jerinka waɗanda ba dangi ba, ba abokai ba. Same su ɗaya bayan ɗaya a wurin aikinsu, cikin ƙarar keke da hayaniyar masu shigowa. Bayan gaisuwa ka ce: "Maigida, ga wayar, don Allah shigar da ɗinkin da aka kawo maka ɗazu." Daga nan ka kame bakinka, ka maida hannu aljihu. Za ka ji kamar ka fizge wayar ka nuna masa, daure. Duk inda yatsansa ya tsaya yana lalube, rubuta.

Ka tuna da yawa daga cikin masu sana'ar hannu ba sa karanta Faransanci, wasu ba sa karanta boko gaba ɗaya, amma sun ƙware da saƙon murya kuma sun san lambobi sarai. Mu sai da muka cire rubutu da yawa, muka sa hoton yadin da wurin naɗar murya, tela ya faɗi bayaninsa da Hausa ko Zabarmanci yadda ya ga dama.

Babban tarkon wannan mataki shi ne kara. Dattijo zai dube ka ya ce: "Yaro, abu ya yi kyau, Allah ya sa albarka." Ka amsa da amin, addu'a ce mai kyau, amma kada ka rubuta ta a matsayin ciniki. Mutanenmu ba sa son karya wa yaro gwiwa. Shi ya sa ba a tambayar "Ya yi maka?" Tambayi abin da ya riga ya faru: "Yaushe rabon da ka yi rigima da mai kaya a kan kuɗi? Yaya aka ƙare?"

Idan huɗu cikin biyar sun kai ƙarshen aikin ba tare da ka taɓa wayar ba, wuce gaba. Idan biyu ne kawai, gyara wurin da suka maƙale, ka nemi wasu sababbin biyar. Kada ka koma wa na farkon, sun riga sun koyi hanya.

Mataki na 5: Faɗi farashi

Tun kafin fitarwa ka furta kuɗi, ko da ɗari biyar na sefa ne a wata. Fuskar mutum lokacin da ya ji farashi ta fi duk wata hira gaskiya. Wanda ya fara ciniki yana neman ragi, wannan mai saye ne, ka riƙe shi. Wanda ya ce "zan neme ka", yawanci sallama ce cikin mutunci. Idan sam ba za ka iya karɓar kuɗi a yanzu ba, nemi wani abu mai tsada a wurinsa: ya ba ka awa ɗaya ku kwashe tsohon littafinsa zuwa cikin manhajar, ko ya haɗa ka da abokin sana'arsa. Mutum ba ya kai ka wurin abokinsa a kan abin da ya raina.

Mataki na 6: Duba aljihu, duba kalanda, sa rana

Ƙirga kuɗin da ya rage maka, raba shi da abin da kake kashewa a wata. In ya ba ka wata shida, fitarwa ba za ta wuce wata na biyu ba, domin sigar farko ba ta cika dacewa ba, kana buƙatar sauran watannin don gyara sau biyu ko uku. Wanda ya fita da jikarsa ta ƙarshe ba shi da damar koyon komai.

Sai kalanda, kuma ta mai saye ake dubawa. Tela a goman ƙarshe na azumi ko barci ba ya samu, ba zai koyi sabon abu ba ko kyauta ne. A Rajab ko farkon Sha'aban ake zuwar masa, ya saba kafin aiki ya rufe shi, ba a fafe gora ranar tafiya. Mai kai saƙo da moto ya yi tunanin Yuli da Agusta, lokacin da ruwa ke yanke hanyoyin wasu unguwanni. Mai abin da ke buƙatar firji ko caji ya yi tunanin zafin Afrilu da Mayu da yawan ɗaukewar kuran. Kayan ƴan makaranta kafin komawar Oktoba, kayan ma'aikata bayan an yi albashi. Wanda ke Tawa yana son yi wa manoman albasar Galmi hidima, kafin kaka zai isa gare su, ba ranar da ake loda buhuna a mota ba.

Idan ka zaɓi ranar, faɗa wa mutum biyu da kake jin nauyinsu. Ranar da ke cikin zuciyarka kaɗai tana da sauƙin ɗagawa.

Ga alamun da ke nuna ka riga ka makara: sati uku ke nan kana gyaran abin da babu mai sayen da ya roƙa, ko kuna gardama da abokin aikinka a kan abin da "mutane za su so" alhali mutanen suna nan tsallaken titi, ko kana ɓoye abin don kada a sace maka dabara. Wannan tsoro na ƙarshe na sha jin sa, kuma ina fahimtarsa. Sai dai dabara ita kaɗai ba ta da wuyar samu. Abin da ba a iya sata shi ne sanin da ka yi wa teloli ashirin, da yardar da suka yi da kai.

Mataki na 7: Fita a shiru

Fitarwa iri biyu ce, ta shiru da ta ganga, kuma yawancin tsoron da ke riƙe matasa ya samo asali ne daga haɗa su wuri ɗaya. Ta shiru ita ce ta yanzu: mutum 10 zuwa 20, a unguwa ɗaya ko biyu, babu sanarwa, babu ɗan jarida. Ka gaya wa kowannensu gaskiya: "Sabon abu ne, za a samu kurakurai, ga lambata, kuma in bai yi maka ba zan mayar maka da kuɗinka." Ka ce kada ya yar da tsohon littafinsa tukuna, su tafi tare na wata guda.

M-Pesa, hanyar tura kuɗi ta waya a Kenya, ita ma ta nan ta bi. A ƙarshen 2005 aka fara gwada ta a garin Thika, da nufin masu ƙananan basussuka su riƙa biya ta waya. Masu gwajin suka lura mutane suna amfani da ita wajen tura wa junansu kuɗi. Da kamfanin waya na Safaricom ya fitar da ita ga kowa a Maris 2007, a kan aika kuɗi gida ya gina tallanta. Ƴan gwajin ne suka nuna wa kamfanin abin da yake sayarwa.

In manhajar Android ce, ba sai ka jira Google Play, kasuwar da ake sauke manhajoji, ba. Buɗe asusun mai manhaja a can dalar Amurka 25 ne, kuma sabon asusu na mutum ɗaya sai ya yi gwaji da aƙalla mutum 12 na kwana 14 kafin a bar shi ya fita fili. Ka fara wannan da wuri, amma a halin yanzu kana iya sa wa mutanenka manhajar da hannunka, waya bayan waya. Hakan ma ya fi, don za ka ga irin wayar kowa. In kuma ba ka da mai rubuta maka manhaja, ci gaba da WhatsApp da kaye, wannan ma fitarwa ce cikakkiya.

Mataki na 8: Ƙirga masu dawowa

Sati huɗu za ka yi kana lura. A kaye, kowane mutum da layinsa, kowane sati da gidansa. Abu uku za ka cika: ya yi amfani da shi ba tare da ka tuna masa ba? Ya biya karo na biyu? Ya kawo wani? Yawan waɗanda suka sauke manhaja ko suka danna alamar so ba ya cikin lissafin nan.

Wanda ya daina, je ka same shi da kanka, kada ka tura saƙo. Ka sauƙaƙa masa faɗin gaskiya: "Alhaji, ba ciniki ya kawo ni ba, so nake ka gaya mini inda na kuskure." Mai kiranka da dare yana faɗa don abin ya tsaya, ka gode wa Allah da shi, ya dogara da kayanka ne. Shirun da ba ƙorafi ba yabo shi ne abin tsoro.

A ƙarshen wata, in kusan rabi suna dawowa da kansu kuma wasu sun biya sau biyu, ka kama hanya. In ƴan kaɗan ne suka tsaya amma sun riƙe abin gam, duba me ya haɗa su, wataƙila su ne ainihin masu sayenka, ka koma layinka na mataki na 1 ka gyara shi. In kowa ya watse, kada ka ƙara ado da fatan za su dawo. Koma mataki na 2.

Mataki na 9: Sannan ganga

Kafin ka yi shela, gyara takardunka. A Maison de l'Entreprise da ke Yamai ake rajistar kamfani, a samu lambar rajistar kasuwanci, wato RCCM, da ta haraji, wato NIF. Ma'aikatu da manyan kamfanoni ba za su biya ka ba sai da su. Cibiyoyin renon sababbin kamfanoni irin su CIPMEN wuri ne na neman shawara da haɗuwa da waɗanda suka riga ka, kuma za su fi sauraronka in ka shigo da kayenka cike da sunayen masu biya.

Sai ka tambayi kanka: in mutum ɗari suka kira a sati ɗaya, wa zai ɗauki waya? Abubuwan kashi na biyu da kake yi da hannu, wanne ne zai fara karyewa? Shi za ka fara mayarwa na na'ura. Bayan haka ka buɗe ƙofar da kaɗan-kaɗan. Roƙi masu amfani da shi na farko su yi maka gajeren saƙon murya ko bidiyo da bakinsu, a cikin shagonsu, su tura a zaurukan WhatsApp na ƴan sana'arsu. Mu mun ƙayyade wa kanmu sababbin teloli goma a sati, duk wanda ya zo bayan goman sai mu rubuta sunansa, mu gaya masa ranar Litinin ɗin da za mu zo shagonsa.